Yadda ake gane koren ƙwaron ash: bishiyoyin da yake ci, inda ya kai, da abin da mai gida zai yi

Shekarar da muka tare a gidanmu na bayan birnin Kolombos, a jihar Ohayo ta Amurka, bishiyar ƙofar gidan ta fi ɗakunan burge ni. Doguwa ce mai faɗin inuwa, irin wadda da a gida ne da tuni an shimfiɗa tabarma a gindinta an mai da wurin majalisa. Ban san sunanta ba, ban kuma tambaya ba. Wata safiya a hunturu na biyu na fito na ga ɓarɓashin ɓawo warwatse a kan dusar ƙanƙara, jikin bishiyar ya yi dabbare-dabbaren fari kamar an bi shi da wuƙa an kankare. Na ce aikin kurege ne, na shiga mota na tafi. Da ganye ya dawo a watan Mayu, rassa uku na can sama suka tsaya tsirara. Nan ma na ce sanyi ne ya buge su. Sai da shekara ta zagayo na kira mai aikin bishiya. Mutumin ya sa bakin wuƙa ya ɗaga ɓawo kamar faɗin tafin hannu, sai ga layuka a jikin itacen, sun karkace hagu da dama, cike da gari mai laushi. Ya ce da na kira shi bara, da an cece ta.

Abin da ya cinye ta ƙwaro ne da bai kai tsawon farcen ɗan yatsa ba. Masana suna kiransa Agrilus planipennis. Sunan da za ka ji a bakin ma'aikatan gandun daji da masu sayar da maganin bishiya shi ne emerald ash borer, ko EAB a taƙaice, saboda korensa mai sheƙi irin na dutsen zumurrudu. Dangin Buprestidae ne, ƙwari masu ƙyalli da tsutsarsu ke rayuwa cikin itace, waɗanda suka kai nau'i 15,000 a duniya. Ƙasashenmu ma suna da nasu, har masu bincike a Kordofan ta Sudan sun sami wasu a jikin dakwara, itacen ƙaro. Amma shi wannan koren ba a sami rahotonsa a Afirka ba. Na rubuta wannan ne domin 'yan uwa da ke zaune a Amurka da Kanada masu bishiya a ƙofar gida, da ɗalibanmu masu karatun gandun daji.

Mataki na farko: ka san bishiyar kafin ka nemi ƙwaron

Yawancin mutane da hoton ƙwaron suke farawa, kuma ɓata lokaci ne. Kana iya shekara biyar kusa da bishiyar da yake ci ba ka taɓa ganin ko ɗaya ba, don a can ƙololuwa yake zama, makonni kaɗan kuma yake yi a duniya. Bishiyar kuwa tana nan tsaye kullum. Kusan duk rayuwarsa a kan jinsi ɗaya take, wato ash, wadda masana ke kira Fraxinus. Idan taka ba ash ba ce, ka huta.

Abu huɗu za ka duba, kuma kada ka dogara da guda ɗaya.

Dubi yadda rassa ke fita. A jikin ash, reshe biyu ne ke fitowa daga wuri ɗaya suna fuskantar juna, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar mutum ya ware hannuwa. Haka tohon ma yake. Galibin bishiyoyin can suna fitar da nasu ne a karkace, wannan a ƙasa, wancan a ɗan sama. Kada ka yanke hukunci da reshe ɗaya, don wani lokaci abokinsa ya karye ya faɗi. Duba ƙananan rassa biyar ko shida.

Sai ganye. Duk wanda ya tashi a gindin darbejiya ya san wannan fasali: sanda ɗaya mai ɗauke da ƙananan ganye a jere bibbiyu. Na ash haka yake, sai dai ƙananan ganyen sun fi na darbejiya faɗi, adadinsu daga 5 zuwa 11, da guda ɗaya a can ƙarshe.

Na uku 'ya'ya. Suna rataye ne a dunƙule, kowane ɗa da fiffike ɗaya siriri, kamar ƙaramin abin tuƙa kwalekwale. Ba kowace ash ke yin 'ya'ya ba, don akwai namiji akwai mace, saboda haka rashinsu ba hujja ba ne. Na huɗu ɓawo: na ƙarama santsi ne, na babba kuwa ya tsattsage ya yi zane irin na saƙar raga.

Akwai masu ruɗa mutum. Wadda ake kira boxelder ita ma tana da rassa masu fuskantar juna da ganye a jere, amma ƙananan ganyenta yawanci 3 zuwa 5 ne, 'ya'yanta kuma tagwaye ne masu fiffike biyu. Wadda ake kira mountain ash sunan kawai ta ara, ba dangi ba ce, 'ya'yanta jajaye ne ƙanana, ƙwaron ba ya taɓa ta.

Mataki na biyu: wace irin ash ce

Nan ne labarin ya fi ba ni tausayi, kuma nan ne za ka san girman haɗarin da taka ke ciki.

A ƙasarsa ta asali, wato arewa maso gabashin Sin, da gabashin Rasha mai nisa, da Koriya, da Japan, wannan ƙwaro ba abin tsoro ba ne. Bishiyoyin can, irin su ash ta Manchuriya da ta Sin, sun daɗe tare da shi, jikinsu ya san yadda zai kashe tsutsar tun tana ƙarama. Sai wadda fari ko rauni ya riga ya galabaitar yake iya ci. Na Amurka kuwa ba su taɓa haɗuwa da shi ba, don haka lafiyayya da marar lafiya duk ɗaya ne a wurinsa. An ma ga alamar haka tun kafin ya ƙetare teku: ash ɗin Amurka da aka kai Sin aka dasa a bakin tituna, a wurare irin su Tianjin, su ne ya fi yi wa ɓarna.

Koriyar ash, Fraxinus pennsylvanica, da baƙar ash, Fraxinus nigra, su ne suka fi saurin faɗuwa. Koriyar ita ce ta cika titunan garuruwa, domin bayan wata cuta ta kashe bishiyoyin elm a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ita aka yi ta dasawa layi-layi a madadinsu. Idan gidanka a unguwar da aka gina a wancan zamani yake, da wuya a ce ta ƙofarka ba ita ba ce. Baƙar tana son fadama, kuma da ita al'ummomin asali na yankin, irin su Anishinabe da Wabanaki, suke saƙa kwanduna tun kaka da kakanni. Suna dukan gungumen har ya ɓare zube-zube, su fere su saƙa. A ce an wayi gari babu kaba a ƙasar masu saƙar tabarma, to haka abin yake gare su.

Farar ash, Fraxinus americana, wadda aka fi sani da yin sandar wasan besbol, takan ɗan jure fiye da waɗancan, amma ita ma tafiya take yi. Shuɗiyar ash, Fraxinus quadrangulata, ita ce mai ƙarfin hali a cikinsu, da yawa sun tsira a inda sauran suka ƙare. Gane ta da sauƙi: murza ƙaramin reshe tsakanin yatsunka, za ka ji shi da kusurwa huɗu maimakon ya zama mulmulalle. A shekarar 2017 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke neman ɓacewa ta sa nau'in ash biyar na Arewacin Amurka a sahun masu gab da ƙarewa, har da waɗannan huɗun. A dazuzzukan kudu maso gabashin Mishigan, inda abin ya fara, sama da kashi 99 cikin 100 na ash da suka wuce kaurin babban yatsa sun mutu. Ash ta Turai, Fraxinus excelsior, ita ma yana cin ta.

An daɗe ana cewa ash kaɗai yake ci, sai a 2014 Don Cipollini na Jami'ar Wright State a nan Ohayo ya same shi a jikin wata ƙaramar bishiyar ado mai farin fure da ake kira white fringetree, Chionanthus virginicus. Ita da ash da zaitun duk gida ɗaya ne. Daga baya gwaji ya nuna tsutsar na iya girma har ta zama ƙwaro a cikin itacen zaitun. Saboda haka idan akwai wannan bishiyar ado a lambunka, sa ta cikin waɗanda za ka riƙa dubawa.

Mataki na uku: duba inda ya kai

A tsakiyar 2002 aka fara gane shi, a kewayen birnin Ditroit na jihar Mishigan, da garin Windsor na Ontariyo da ke tsallaken kogi a Kanada. Da masana suka ƙirga zoben shekaru a jikin matattun bishiyoyi, sai suka gano ya shigo tun farko ko tsakiyar shekarun 1990, a wajen garin Canton. Kusan shekara goma ke nan yana ci ba wanda ya sani. Ana kyautata zaton a cikin katakon da ake tallafe kayan jirgin ruwa da shi ya iso.

Daga nan ya bazu. Ohayo a 2003, Indiyana a 2004, Ilinoi a 2006, Pensilbeniya a 2007, Wiskonsin da Kwibek a 2008, Minisota da Niyok a 2009. A 2013 aka gan shi a Boulder ta Kolorado, a 2017 a Winnipeg, a watan Yunin 2022 a Forest Grove ta jihar Oregon, can gaɓar yamma, a 2024 kuma a Vancouver. Yanzu ya shiga jihohin Amurka sama da 35. A ɓangaren Turai kuma, an fara samunsa a Mosko a 2003, nan ma a kan koriyar ash da aka dasa a tituna, ya shiga gabashin Yukren ta yankin Luhansk a 2019, ya kai Saint Petersburg a 2020.

Ka ɗora waɗannan wurare a kan taswira ka duba da kyau. Da fiffikensa, ƙwaron 'yan kilomita kaɗan yake ci a shekara. Amma ga shi ya yi tsalle daga tsakiyar ƙasa zuwa Kolorado, daga nan zuwa Oregon, ya bar ɗaruruwan kilomita a tsakani babu shi. Ƙwaro ba ya irin wannan tsalle. Mota ce ta kai shi, a cikin itacen girki, ko gungumen katako, ko dashen bishiya. A 2003 ma dashen da aka ɗauko daga Mishigan ne ya kai shi Meriland. A ganina duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin maganar.

A aikace, shiga shafin ma'aikatar noma ta jiharka, ko na APHIS, hukumar tarayya mai kula da lafiyar dabbobi da tsirrai, ko na CFIA, takwararta, idan a Kanada kake, ka nemi taswirar gundumomi. Riƙe abu ɗaya: taswira tana nuna inda aka gane shi ne, kuma ganewar kan zo shekaru bayan isowarsa. Idan an same shi a nisan mil 10 zuwa 15 daga gidanka, ɗauka cewa ya iso.

Mataki na huɗu: zagaya bishiyar ka karanta ta

Kafin ka gane alamomin, ka san yadda yake kisa. Macen tana saka ƙwai ɗai-ɗai a cikin tsagar ɓawo, yawanci 40 zuwa 70. Bayan mako ɗaya zuwa biyu tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ciki, ta tsaya a siririn sashen da ke tsakanin ɓawo da itace, wanda ta nan ruwa da abinci ke bi. Ba ta nutsawa can tsakiya. Tana tafiya tana ci tana lanƙwasa, har hanyoyin su yi yawa su haɗe su zagaye bishiyar, kamar an ɗaure mata wuya da igiya. Ƙarama kan mutu cikin shekara ɗaya ko biyu, babba cikin uku zuwa huɗu.

Fara da hunturu, lokacin da babu ganye. Tsaya nesa ka dubi gangar jiki da manyan rassa. Tsuntsayen nan masu ƙwanƙwasar itace suna jin tsutsar a ciki, sai su kankare saman ɓawon don su zaƙulo ta, su bar fararen tabo da ƙananan ramuka masu gefe a yage. Wannan ita ce alamar da na gani na ɗora wa kurege. Sau da yawa ita ce ta farko da ido zai iya kamawa daga ƙasa, kuma a wurina ta fi kowace muhimmanci.

A watan Yuni zuwa Agusta, koma ka dubi sama. Ganyen ƙololuwa ya yi shara-shara? Akwai rassan da suka bushe daga sama suna gangarowa? Ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowace shekara, don ido yana sabawa da raguwar da ke zuwa a hankali. Dubi gindi kuma: bishiyar da aka shaƙe takan fitar da sababbin tsiro a cunkushe daga gangar jiki ko daga tushe, masu manyan ganye. Mutum ya gani ya yi murna wai tana farfaɗowa, alhali neman numfashi take yi.

Sannan matso kusa. Nemi tsaga a tsaye a jikin ɓawo, mai tsawon yatsa ko fiye. Leƙa ciki, wani lokaci za ka hango karkataccen layin. Sai kuma ramin fita, wanda shi ne hatimin wannan ƙwaro. Faɗinsa milimita 3 zuwa 4 ne, gefe ɗaya a miƙe, ɗayan a lanƙwashe, kamar harafin D na boko, domin jikin ƙwaron haka yake, baya a shafe ciki a kumbure. Harafin na iya kwantawa ta kowace fuska. Rami mai zagaye sosai ko mai siffar ƙwai, musamman mai faɗin da fensir zai shiga, aikin wasu ƙwari ne na ƙasar. Wani abin lura kuma: tsutsar wannan ba ta zubo da gari waje, a cikin hanyarta take danne shi. In ka ga garin katako tule a gindin bishiya, zargi wani.

Ka sani fa, daga sama yake farawa. Ranar da ka ga ramin D daidai tsayin idonka, ya daɗe da gama da saman.

Mataki na biyar: ɓare reshe ka tabbatar

Idan bishiyar ba ta nuna komai ba amma kana cikin yankin haɗari, akwai hanyar da masu binciken gandun dajin Kanada suka fitar, wadda ke kama kusan uku cikin huɗu na bishiyoyin da suka kamu tun ba su nuna alama ba. Ana yin ta tsakanin Satumba da Mayu.

Zaɓi rassa biyu masu rai daga tsakiyar kan bishiyar, in da hali ta ɓangaren kudu inda rana ta fi duka. Kowane ya kai kaurin santimita 6 ko fiye a gindinsa, mai ɓawo da ya fara kaushi. A yanko su da zarto mai doguwar sanda. Idan sai an hau tsani ko akwai wayar lantarki kusa, kada ka yi da kanka, kira mai sana'ar. Daga gindin reshen auna santimita 50, ka ɗaure shi a kan benci, ka sa wuƙa mai kaifi kana fere ɓawon siriri-siriri, kamar mai fere rogo yana tsoron asarar tsoka. Gaggawa a nan ita ke sa a yanke hanyar tsutsar a zubar ba a gani ba. Ci gaba har ka kai farin itace.

Abin da kake nema layi ne mai lanƙwasa kamar harafin S, siriri a farko, yana faɗi yayin da tsutsar ke girma. Tsutsar kanta fara ce mai ɗan ruwan madara, a shafe kamar an danne ta, tana kai santimita 3 in ta ƙoshi. Gaɓoɓin bayanta kamar ƙananan ƙararrawa ne da aka jera, a ƙarshen wutsiya kuma akwai ƙayoyi biyu masu ruwan ƙasa. Da sanyi ya shiga, babbar takan ɗan nutsa cikin itace ta naɗe kanta biyu ta kwanta. Idan hanya ta ƙare ba ka ga kowa ba, tona kaɗan a wurin.

Game da baligin: tsawonsa milimita 8 zuwa 14, siriri kamar harsashi, kore mai sheƙi. Ɗaga fiffikensa, bayan cikinsa ja ne mai ruwan tagulla, wannan ne ke raba shi da danginsa. Yana fitowa daga ƙarshen Mayu a yankinmu, daidai lokacin da bishiyar black locust ke fure, ya yi yawa a Yuni da Yuli, yana gatsar gefen ganye. Akwai wani koren ƙwaro mai dogayen ƙafafu da fararen ɗigo da ke gudu a ƙasa a bakin hanya; yara sukan kawo min shi da murna, amma ba shi ba ne, mafarauci ne mai amfani. In ka ga wani akwati mai kusurwa uku, ruwan shunayya, rataye a kan bishiya a wurin shaƙatawa, tarkon hukuma ne, a bar shi.

Mataki na shida: kai rahoto

Idan gundumarka ba ta cikin taswira, wannan wajibi ne. Ɗauki hoton bishiyar gaba ɗaya, da na ganye, da na ramin tare da kwabo a gefensa don a ga girma. Tsutsa ko ƙwaro, sa a ƙaramar kwalba da sinadarin goge ciwo, ko ka ajiye a firiza. Rubuta adireshi da rana, ka kira ofishin malaman gona na gunduma ko ma'aikatar noma ta jiha.

Akwai rahoto na biyu da ba a cika sani ba. In ka ci karo da babbar ash lafiyayya a dajin da duk sauran suka mutu, kuma ba a yi mata magani ba, faɗa wa hukumar gandun daji. A garin Delaware, arewa da Kolombos kaɗan, masu bincike na tattara irin waɗannan suna haɗa su aure don samo iri mai juriya.

Mataki na bakwai: magani ko sara

Tsaya ka kimanta ganyen da ya rage. Idan abin da ya tafi bai kai kashi 30 cikin 100 ba, akwai kyakkyawan fata. Idan ya wuce rabi, kada ka zuba kuɗi, domin maganin ta hanyar ruwan jikin bishiya yake hawa, hanyar kuwa ta riga ta yanke. Sannan auna kauri: zagaya igiya a tsayin ƙirji, auna tsawon igiyar, raba da 3.14. Da wannan adadi ake lissafin magani da kuɗinsa.

Mafi inganci shi ne allurar emamectin benzoate, wadda ake huda gindi a ɗura. Mai lasisi ne ke yin ta, tana kashe kusan duk tsutsar, tana kuma riƙewa shekara biyu zuwa uku. Ga ƙananan bishiyoyi akwai imidacloprid da mai gida zai iya damawa ya zuba a gindi, sau ɗaya a shekara, tsakanin tsakiyar Afrilu da tsakiyar Mayu. Kawar da ciyawa da busasshen ganye tukuna, ƙasa ta kasance da danshi, kuma kada a zuba inda akwai furannin da ƙudan zuma ke sauka ko kusa da rafi. Bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar daidai.

Na uku shi ne wanda ya sa ni murmushi ranar da na fara jin labarinsa. A Kanada, garuruwa da yawa suna yi wa bishiyoyinsu allurar TreeAzin, kuma daga ƙwallon darbejiya ake tatso sinadarinta, azadirachtin. Dogon yaron nan da muke sharewa 'ya'yansa a tsakar gida muna zubarwa. Yana hana tsutsar girma, yana rage ƙyanƙyasar ƙwai, ana maimaita shi duk shekara ɗaya ko biyu. Sai dai kada wani ya jiƙa ganye a bokiti ya watsa ya ce ya yi magani. Tataccen sinadari ne da ake turawa cikin jijiyar bishiya.

Hukuma kuma tana nata yaƙin. Tun 2007 ake sakin wasu ƙananan zanzaro da aka kawo daga Sin, daga baya aka ƙara wani daga Rasha a 2015, waɗanda ke saka ƙwansu a jikin tsutsar ko ƙwan ƙwaron. Ba sa harbin mutum. Suna taimakon ƙananan ash na daji, amma ba za su ceci babbar bishiyar ƙofar gida ba.

In sara ce, a yi da wuri. Matacciyar ash tana bushewa ta yi gautsi da sauri fiye da yawancin itatuwa, reshe ya ɓalle ba iska ba komai. Masu sara da yawa ba sa yarda su hau ta, sai an kawo mota mai ƙugiya, kuɗi ya ninka.

Mataki na takwas: itacen ya tsaya inda aka sare shi

Ranar da aka sare tamu, Babbar Sallah ta kusa. Wani amini na da ya zo daga wata jiha ya ga gungume tule a bakin titi, ya ce, "Haba Malam, wannan itace a bar shi? Ai a zuba min a bayan mota, gashin layya ya samu." Ni ma na ga hikimar, har mun buɗe but. Mai sarar ne ya ajiye zartonsa ya zo ya ɗauki guntu ɗaya, ya ɓare ɓawon da yatsa, ya nuna mana tsutsa uku a kwance. Muka mayar da waɗanda muka ɗora.

Mu mutane ne masu son wutar itace, da gashi a fili, da kai wa ɗan uwa abin da muka samu, kuma ta irin wannan alheri ƙwaron ke samun mota. Tsutsa na iya rayuwa a cikin sararren itace ta fito har bayan shekara biyu. Saboda haka sayi itace a inda za ka ƙona shi, cikin mil 10 in da hali, kada ya wuce 50, abin da ya rage kuma ka bar shi can. In dole ne ka yi tafiya da shi, nemi ƙunshin da ke da hatimin cewa an gasa shi. Zafin digiri 60 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 60 a tsakiyar itacen ne ke kashe tsutsar. Gwamnatin tarayyar Amurka ta janye dokarta ta hana zirga-zirgar itacen ash a watan Janairun 2021, amma jihohi da yawa suna da nasu dokokin, Kanada ma haka, kuma ba a tsallaka iyaka da itacen girkin da ba a gasa ba.

Na gidanka, ko ka ƙona shi a gida kafin watan Mayu, ko a niƙa shi da inji gutsattsarin su gaza santimita 2.5, ko ka kai wurin da gunduma ta ware. Kututturen ma a niƙe shi, don zai yi ta tsiro, tsiron kuma da ya kai kaurin babban yatsa ƙwaron zai dawo masa. Wajen dashe, leƙa titinku ka ga wace bishiya ta fi yawa, ka zaɓi wata daban. A namu layin kusan kowa maple ya sa, sai ni na dasa oak a ƙofa, da hackberry a bayan gida, mita biyu daga tsohon ramin.